Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Gidajen Rediyo Da Jaridun Arewa Da Shugabannin Ƙungiyar 'Yan Jarida Ta NUJ: Ku Riƙa Faɗa Mana Wanda Ya Biya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ni ba ɗan jarida ba ne. Ina cikin mutanen nan da kuke yi wa kirari da "masu saurarenmu" a farkon kowane shiri, waɗanda ke kwana da rediyo a gefen filo, su tashi da ita. Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: duk maganar da ɗan siyasa ya biya kuɗi aka sa a gidanku, ku gaya mana cewa biya aka yi, kuma ku faɗi wanda ya biya. Sauran abin da zan faɗa duk bayanin wannan ne.

Kafin wani ya ce na zo taya gwamnati faɗa, bari in fara da abin da gwamnatoci suka yi muku, don na san shi kuma ban manta ba. A Janairun 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta dakatar da shirin Idon Mikiya na tashar Vision FM, ta kuma ci tarar tashar naira miliyan 5, saboda an tattauna batun ƙarin wa'adin shugaban hukumar leƙen asirin ƙasa. A Agustan shekarar aka ci Trust TV tarar miliyan 5 kan rahoton da ta yi game da 'yan bindigar daji. Da Oktoba ta kama, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Pride FM da wasu gidajen, laifinsu kawai sun je ɗaukar taron jam'iyyar PDP. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi sannan aka janye aka ba da haƙuri. A Mayun 2025 gwamnatin Kano, wadda ita kanta ta hau mulki ne da taimakon bakunan da suka yi shekara takwas suna magana a rediyo, ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye. A Agustan 2025 Gwamna Umaru Bago na Neja ya ce a rufe Badeggi FM da ke Minna. Jam'iyyu daban-daban, hali iri ɗaya. Duk wanda ya hau kujera sai ya ga makirufo ya zame masa ƙaya, alhali jiya a kanta ya tako ya hau.

To amma akwai abin da na lura da shi a majalisun da nake zama, kuma ya kamata ya dame ku fiye da tarar NBC. Idan aka ce an rufe wata tasha ko an kama wani mai gabatar da shiri, ba "an zalunci 'yan jarida" ake fara cewa ba. Abin da ake fara tambaya shi ne, "Tashar wa ce?" Da an ba da amsa sai majalisa ta rabu biyu, rabi su ce Allah ya ƙara, rabi su ce Allah ya isa. Mutane sun daina kallonku a matsayin masu tsaya musu. Suna kallonku a matsayin rundunar wani. Wannan kuwa ba gwamna ne ya yi muku ba.

Mu ɗauki shirye-shiryen siyasar dare, tunda su ne abincin Kano, kuma daga Kano salon ya bazu zuwa sauran jihohi. Tun da Dokar Soja ta 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, kuma Freedom Radio ta fara aiki a Kano a ƙarshen 2003, talaka ya samu abin da bai taɓa samu ba, wato ya ji an kira sunan gwamna an ce bai kyauta ba, kuma gari ya waye ba a ɗaure kowa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan raina shi ba. Akwai unguwannin da ba su ga taransifoma ba sai da aka yi kuka a rediyo. Akwai 'yan fansho da ba su ga haƙƙinsu ba sai da wani wakili ya kai musu makirufo.

Amma ku dubi yadda abin ya koma. Da la'asar za ka ga sojojin baka sun yi layi a harabar tasha, kowa da 'yar takardarsa a aljihu da kuɗin mintunansa, wanda kowa ya san ba daga aljihunsa ya fito ba. Ya shiga ɗaki, a kunna masa na'ura, ya gyara murya, ya fara da sallama da salati, ya gaida uban gidansa da kirari, sannan ya juya kan wanda aka aiko shi ya yi wa wankin babban bargo. Minti uku, minti biyar. Ya fito, na bayansa ya shiga, wataƙila shi kuma an aiko shi ne ya rama abin da aka faɗa jiya. Da dare a haɗa su a jere, a sa kiɗa a tsakani, mai gabatarwa ya riƙa ɗaura su da barkwanci. Mai shayi ya ƙure murya, 'yan majalisa su yi ta shewa. Ba wanda ya ce wa mai sauraro wannan talla ce. Kuma muryar da ta gabatar da su ita ce dai muryar da ta karanta mana labarai ɗazu, wadda muka saba gaskatawa.

Na san amsarku. Za ku ce ai kuna faɗa a ƙarshe cewa ra'ayin masu magana ne, ba na tasha ba. Ranku ya daɗe, wannan ba ta wanke ku. Wanda ya karɓi kuɗi, ya ba da ɗaki, ya tace muryar, ya zaɓi lokacin da gari ya fi sauraro ya saka ta, ba zai ce shi ɗan kallo ba ne. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne haƙƙin mayar da martani. Ƙa'idojin NBC sun tanadi cewa wanda aka taɓa a ba shi dama ya kare kansa. A aikace kuwa, mutumin da aka ce ya saci kuɗin asibiti, idan yana son ya ce ƙarya ne, sai ya aiko nasa sojan da nasa kuɗin mintunan. Tasha ta ci a zagi, ta ci a ramuwa. Mai kuɗi zai iya wannan wasa har shekara. Kansila ko shugabar mata ta mazaɓa ko malamin makarantar da aka ambaci sunansa a kuskure, sai dai ya kai ƙara wurin Allah. Kada kuma ku manta matan da suka so shiga siyasa suka fasa, don sun san daren farko za a fara da aurensu da tarbiyyarsu kafin a zo kan manufarsu, in ma an zo.

Ba cewa nake a daina sayar da fili ba. Na san dizal ba kyauta ake ba ku ba, na san abin da farashin mai ya zama tun da aka cire tallafi a 2023, na kuma san manyan kamfanonin da ke ba da talla yawancinsu a Legas suke, abin da ke isowa Arewa ɗan kaɗan ne. Tashar da ta ce ba za ta karɓi kuɗin 'yan siyasa ba wataƙila ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Ku sayar. Amma a farkon kowace murya a ce, "Wannan saƙo ne da ofishin wane ya biya." Jumla ɗaya ce, ba ta cin daƙiƙa biyar. Idan mai biya ya ce shi ba ya so a ambaci sunansa, to kun ga ya gaya muku da bakinsa irin kayan da yake son ku ɗauka masa.

Haka abin yake a ɗakin labarai, sai dai a can an fi iya lulluɓe shi. Duk wanda ya taɓa halartar taron manema labarai a gidan gwamnati ko sakatariyar jam'iyya ya san yadda ake tashi. An gama jawabi, an yi tambayoyi biyu uku marasa ƙaya, manya sun fita. Sai jami'in hulɗa da jama'a ya zaro takarda, a zagaya da ita kowa ya rubuta sunansa da gidan da yake wakilta. Ba wanda zai tafi. A tsaya a baranda ana 'yar hira har a kira shugaban wakilai gefe a miƙa masa ambulan, a ce ga kuɗin mota. Washegari ka buɗe jaridu huɗu ka ga labari ɗaya, kalma a kan kalma, har da kuskuren rubutun da ke cikin takardar da aka raba. Kundin ɗa'ar aikin jarida da ƙungiyoyinku suka amince da shi a Ilorin a 1998 ya faɗa ƙarara cewa ɗan jarida ba ya roƙo ba ya karɓar toshiya don ya buga labari ko ya danne shi. Ku kuka rubuta, ba gwamnati ba.

Sai dai ba zan ɗora wa yaron da ke baranda laifin duka ba. Yaron nan wataƙila rabonsa da albashi an yi watanni, wani ma tun da aka ɗauke shi ba a taɓa maganar albashi ba, katin shaida aka ba shi aka ce ya je ya nema. Shi zai sa wa babur ɗinsa mai, shi zai sayi data ya turo rahoto. Mai gidan da ya yi wa ma'aikacinsa haka ya riga ya sayar da labaransa tun kafin a rubuta su, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A sama da yaron kuma akwai abin da ya fi ambulan nauyi, wato yarjejeniyar wata-wata da gidaje da yawa ke ƙullawa da gwamnatocin jihohi don "yaɗa ayyukan gwamnati". Ba haramun ba ce. Amma mai sauraro yana da haƙƙin ya san cewa tashar da ke gaya masa an kammala titi kaza tana karɓar kuɗi duk wata daga wanda ya ce ya kammala.

Gidajen gwamnatin jiha kuwa nasu ya wuce a yi magana a kaikaice. Da kuɗin kowa ake biyan albashinsu, da na wanda ya zaɓi gwamna da na wanda bai zaɓe shi ba, amma ɗan adawa ba ya jin sunansa a can sai ranar da ya sauya sheƙa. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana a yi amfani da kafar yaɗa labaran gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara, ya sa tarar naira miliyan 2 a karon farko da miliyan 5 idan aka maimaita, har da tanadin ɗauri ga shugabannin gidan. Ku da kuke cikin aikin, ku gaya mana sau nawa kuka tashi tsaye kuka nemi a yi aiki da wannan sashe.

Ciwon tsoho ne. A Jamhuriya ta Biyu, da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya ga NTA tana hannun gwamnatin tarayya ta NPN, sai ya kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, ya biyo da gidan talabijin na CTV, wanda yau ake kira ARTV. Ya yi hakan ne don a ji muryar da aka toshe, kuma Triumph ta haifi Albishir da Alfijir ta ajami, ta yaye ƙwararrun da Arewa ke alfahari da su. Amma darasin da gwamnonin baya suka ɗauka shi ne kowa ya riƙe nasa kakakin. A 2012 aka rufe Triumph, sai bayan shekaru aka sake buɗe ta. Ga kuma New Nigerian, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966. Jaridar gwamnati ce tun daga haihuwa, amma a zamanin su Adamu Ciroma da Mamman Daura masu mulkin soja kansu sai sun karanta sharhinta da faɗuwar gaba. Yau ina take? Ina Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya fara yi wa edita a Zariya a 1939? Gwamnonin Arewa 19 sun karɓi kamfanin New Nigerian da ke buga jaridun biyu, sun kasa riƙe shi. Abin da tarihin New Nigerian ya nuna shi ne mallakar gwamnati ba ita ke kashe jarida ba. Ana iya zama na gwamnati a kuma yi gaskiya, in an samu editan da zai iya cewa a'a da mai gidan da zai iya haɗiye ta.

Batun mallaka ma yana son a buɗe shi. Ba laifi ba ne ɗan siyasa ya mallaki jarida. Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Tribune a 1949. A namu ɓangaren kowa ya san tashar Gotel ta Yola ta Atiku Abubakar ce, kowa ya san Mohammed Idris, wanda ya zama ministan yaɗa labarai a 2023, shi ya kafa Blueprint, kuma marigayi Sam Nda-Isaiah na Leadership ya nemi takarar shugaban ƙasa a APC a 2014. Waɗannan ba su ɓoye ba, mai karatu ya san da wane ido zai karanta. Damuwata tana kan tashoshin da ake buɗewa da sunan suruki ko ƙanin mata, da kuma shafukan Facebook da ke tsirowa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, su sa wa kansu sunan jarida, babu adireshi, babu sunan edita, babu wanda za ka kama idan sun yi maka ƙazafi. Wasunsu kuma masu riƙe da katin NUJ ne ke tafiyar da su da dare. (Ban ma taɓo waɗanda ke barin ɗakin labarai su zama masu magana da yawun gwamna, a faɗi zaɓe su dawo kujerarsu ta da kamar sun je hutu ba. Neman halal ne, amma ko ba komai a ɗan huta kafin a dawo ana yi mana sharhi kan tsohon uban gida.)

Wani zai ce to wa zai hukunta wa? A Mayun 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Kun yi murna, kuma kuna da gaskiya, domin hukumar da shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta bai kamata ta zama mai ƙara kuma alƙali ba. Amma hukuncin ya bar gurbi, kuma idan ba ku cike shi da kanku ba gwamnoni za su cike muku. Hujjar da gwamnatin Kano ta kafa a 2025 ke nan, wai zage-zage sun yi yawa. Matakin nata bai dace ba, ba ta da wannan iko. Sai dai zage-zagen ba ita ta ƙirƙiro su ba, a tashoshinku aka ji su.

Kuma an riga an ga cewa gyaran kai yana yiwuwa. A farkon Yulin 2024 Daily Trust ta buga labarin yarjejeniyar Samoa, wanda ya nuna kamar Najeriya ta sa hannu kan amincewa da auren jinsi a madadin dala biliyan 150. Arewa ta ɗauki wuta, aka hau mumbari da shi. Gwamnatin tarayya ta kai ƙorafi gaban hukumar karɓar koke-koke kan kafafen yaɗa labarai, wadda ƙungiyoyin masu jaridu da editoci da NUJ suka kafa da kansu a 2023. Hukumar ta duba ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta karɓi hukuncin ta buga neman afuwa. Ba a rufe kowa ba, ba a aika 'yan sanda ba. A wurina darajar jaridar ƙaruwa ta yi a ranar. Amma ku lura da wanda ya kai ƙarar: gwamnatin tarayya, mai lauyoyi da ministoci. Dattijon da aka ci wa mutunci da Hausa a wata tasha a Gusau ko Azare bai san da hukumar ba, in ma ya sani ba zai iya rubuta mata koke da Turanci ba.

Shi ya sa nake roƙonku ku kafa irin wannan zaure a nan gida, mai aiki da Hausa, wanda za a iya kai wa kuka da saƙon murya ta WhatsApp. Mutanen da za su zauna a cikinsa ba su yi wuya ba: akwai malaman aikin jarida a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, akwai tsofaffin alƙalai, akwai tsofaffin ma'aikatan Rediyon Kaduna da suka san aikin tun ana yanka tef da reza. A sa mata a ciki, a sa wakilin masu sauraro. Kada a sa kwamishina ko ɗaya. Duk tashar da aka samu da laifi ta karanta gyaran a cikin shirin da aka yi ɓarnar, a daidai lokacin, ba da ƙarfe biyun rana lokacin da kowa ke kasuwa ba. Wanda aka zaga kuma a ba shi mintunansa kyauta.

Akwai kuma asarar da ba a jin ƙararta, wato labaran da ba a yi ba saboda fili ya cika da wane ya ce wane ya mayar. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora muku nauyin sa ido kan gwamnati a madadin jama'a. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan jihohi ma. A Yulin 2024 kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44. Me zai hana tasha ta ware dare ɗaya a mako, ta ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya, ta faɗi abin da ya shigo mata a wata, ta aika wakili ya duba asibitinta da makarantarta ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani? Wannan ba ya buƙatar a zagi kowa. Lokacin da Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon dala a Oktoban 2018, wanda aka yi zargin yana nuna Gwamna Ganduje na Kano yana karɓar daloli daga 'yan kwangila, shi kuma ya musanta ya kai ƙara kotu, abin da ya kamata sauran gidaje su yi shi ne su bi diddigin kwangilolin da ake magana a kai. Maimakon haka sai batun ya zama abin jifa tsakanin ɓangarori, shi kuma wanda ya fito da shi ya bar ƙasar a 2021 yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari.

Ku kuma shugabannin NUJ na jihohi, Allah ya ƙara muku girma, mun ga kuna iya fitar da sanarwa cikin awa ɗaya idan ɗan sanda ya mari wakili, kuma haka ya kamata. Mun ga kuna iya shirya bikin makon 'yan jarida ku ba gwamna lambar yabo ta "gwarzon abokin 'yan jarida", wani lokaci a shekarar da ya sa aka kulle ɗayanku. Abin da muke jira shi ne ranar da za ku fitar da sunayen gidajen da ma'aikatansu ke bin su albashi, da adadin watannin, ku kuma ƙi zama teburi ɗaya da masu su har sai sun biya. Kakar zaɓen 2027 ita ce lokacin da kuɗin siyasa zai fi kwarara cikin gidajen nan, don haka babu mai gidan da zai ce muku babu.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Mai sauraro daga Kano.